Shekarar da Na Ƙi Korar Balkisa

Ranar da aka zo kwashe mini yara, ga waɗanda ke zaune a zaurena nan Gidan Rumji: Alhaji Mamman mai sayen wake daga Gidan Sori, wanda ɗiyansa mata biyu ke hannuna, ya kuma zo da saƙon sauran iyayen yankinsu a bakinsa, Jaɓɓo Bafillace, uban Hassatu, sandarsa a kan cinya, Malam Lawali, uban Balkisa, can lungu kusa da ƙofa, sai maƙwabciyata Zali, wadda ba wanda ya kira ta, ta ga amalanke tsaye a ƙofar gida ta shigo da kumfar wanki a hannunta. Sai ni. Yaran suna ciki, na ce duk wadda ta leƙo ni da ita ne.

Zan zo kan abin da aka faɗa. Amma ke Rakiya da ke Habsu, tunda kun ce za ku fara riƙon 'yan lakol, wato 'yan makarantar boko, don an buɗe kolej kusa da ku, kuma na ji Habsu da kunnena tana cewa ai ba wani abu ba ne, ɗaki ne da tabarma da tukunya, to ku fara jin yadda aikin yake. Balkisa tana ɗakinta yanzu da iyalinta, Malam Lawali ya rasu, ita da kanta ta ce in ba ku labarin. Ba don haka ba, da ba ku ji shi a bakina ba.

Aikin farko da Gwaggo Hajo ta sa ni shi ne juye hatsi. Ƙanwar uban mijina ce, a hannunta na koyi riƙon. Lokacin ƙauyuka ba su da kolej, yarinyar da ta wuce ƙaramar lakol sai ta zo gari ta nemi masauki. Bayan kaka iyaye suna zuwa da abin da ya sawwaƙa, wani buhu, wani 'yar jaka, wani gaisuwa kawai da alkawari. Na fara jera buhunan, na wance nan, na wance can. Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina ta ce in kwance su duka in juye a rumbu ɗaya tun yaran ba su dawo ba. Ta ce ranar da yarinya ta san ubanta bai kawo komai ba, daga ranar za ta fara rage hannu a kwano, daga nan kuma ta fara sauraron mai ba ta a waje. Har yau rumbu ɗaya nake yi. Ban taɓa shiga aji ba, ban san abin da ke rubuce a kayensu, littattafan da suke rubutu a ciki, ba, amma ba yarinyar da ta taɓa fita ƙofata da cikinta wayam. Kunu ne, ƙanzo ne, ko ɗumamen jiya, sai ta ci a gabana sannan in buɗe zaure.

Iyayen su ne masu ba ki aikin, kuma su ne wahalarsa. Uba zai kawo miki ɗiyarsa ya ce, Inna, ga amana, fatarta taki ce, ki daka in ta ƙi ji. Wannan bakin nasa ne. A zuciyarsa kuwa tun a hanya yake neman dalilin mai da ta gida, don maƙwabta sun riga sun ce masa lakol ɓata ɗiya take yi. Ba ya tambayarki ko ta iya lissafi. Ƙafarta yake kallo in ya zo, ko ta sa sabon takalmin da bai saya ba. Dole ki san inda kowane takalmi ya fito, da kowane man shafawa, kafin shi ya tambaya.

Kayan aikina ba su da yawa: turmi, babbar tukunya, igiyar shanya, fitilar sola da suke karatu da ita, da makullin zaure a haɓar zanena. Amma babba a cikinsu murhu ne. Dokar gidana, wadda na gada wurin Gwaggo, ita ce duk mai fashin salla ita ke tashi ta hura wutar kunu da asuba, sauran su yi alwala. Yaran sun ɗauka rabon aiki ne, don kada a ɓata lokaci. Haka nake so su ɗauka. Ba na tambayar kowa komai, ba na binciken jakar kowa. Ina zaune a kan tabarmata ina jan casbi, ina ganin wadda ta durƙusa gaban murhu. Gida mai yara da yawa ba a rasa mai hura wuta, shi ya sa su ba sa lura da wadda wata ya zagayo ba ta durƙusa ba. Ni nake lura.

To ga tele. Ɗan Zali ya aiko mata da ita, ran Asabar da yamma nakan bar yaran su je kallo, ni ma in bi su da kujerata. A shekarar ana nuna wani wasan kwaikwayo na 'yan lakol, irinsa kuma kun gani ba ɗaya ba, duk hanya ɗaya suke bi. 'Yan matan ciki ba sa daka, ba sa ɗiban ruwa, ban taɓa ganin ɗaya ta buɗe kaye ba. Suna zaune gindin bishiya da jan baki da waya, wadda ake cewa 'yar kolej ce kuwa, in ta haihu da wuri ta isa ta aurar da ɗiya. Sai yaro ya zo da moto, babur ɗin nan. Sati na gaba ta ruga bayan ɗaki tana amai, uwa ta tafa hannu, gari ya ji. Direkta ya tsai da ita gaban tuta ya kore ta, uba ya jefo mata ƙunshin kaya, ta yi ta yawo da ƙwarya a ɗaure cikin zane a madadin ciki, a ƙarshe ta mutu wurin haihuwa, wani mai gemu ya fito ya yi wa'azi.

Masu shirya abin ba mugunta suka nufa ba, na sani. So suke yara su ji tsoro. Amma ni da ke zaune a gefe, fuskokin yaran nake kallo, ba akwatin ba, kuma na ga abin da suke ɗauka. Ba su koyi yadda ake tsare kai ba, wannan a gida ake koyonsa. Sun koyi cewa in abu ya faru, duk babban da ya ji korarki zai yi. Iyayensu maza kuma, da ke kallon abin a shagunan ƙauye da cikin wayoyi, sun koyi cewa haka ake zama a kolej.

Balkisa ta dawo daga babban hutun damina tana ajin ƙarshe, shekarar da za ta rubuta brebe, jarrabawar gama kolej. Yarinya ce mai shiru, ba ta da waya, daga lakol sai gida. Watan farko ba ta hura wuta ba. Ban ce komai ba, canjin ruwa da canjin abinci sukan jinkirta wa yara. Na biyu ya wuce. A na uku na ga ta koma yin wanka bayan kowa, in ta ɗaga taɓarya kuma numfashinta yana yankewa, alhali ita ce mai dakan gidan. Ran wata Asabar na tura sauran gidan Zali, na ce ita ta tsaya ta taya ni ɓarar gyaɗa.

Muka yi ta ɓara. Da kwano ya yi rabi na ce, "Balkisa, tun da kika dawo ba ki hura mini wuta ba."

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. 

"Inna, ban yi amai ba. Ko sau ɗaya ban yi ba."

"Wa ya ce miki sai an yi amai?"

"A tele haka ake yi."

Da wannan ta riƙa lallashin kanta har abin ya fara motsi. Da ta tabbata, sai ta shiga ɗaure shi. Na kai ta ɗaki na sa ta kwance, gyale ne ta naɗa ta tamke har ya yi mata shaida a jiki. Ta ce wani saurayin ƙauyensu ne, ya yi alkawarin kawo kayan tambaya bayan kaka, sai ya tafi ci-rani arewa, wayarsa ba ta shiga. Ban ƙara tambayarta komai a kansa ba, ba shi ne a hannuna ba. Na tambaye ta mene ne shirinta. Ta ce za ta ɓoye har ya ƙi ɓoyuwa, sannan ta hau motar kasuwa ta tafi inda ba a san ta ba, don ba za ta iya tsayuwar gaban tuta ba, ba za ta iya ganin Baba ya jefo mata kaya ba. Ta riga ta haddace ƙarshenta tun ba wanda ya ce mata uffan.

Ban mare ta ba, ban kuma rarrashe ta ba. Na ce abin da ta yi ba daidai ba ne, ta nemi gafarar Ubangijinta, wannan tsakaninsu ne. Amma gyalen nan ba za ta ƙara ɗaura shi ba, kuma ba motar da za ta hau.

Ku lura da jerin aikin, don wata rana zai same ku. Likita da farko. Na kai ta wurin sajfam, ungozomar gidan likita, da sunan ciwon haƙori, aka duba ta, aka ba ta maganin ƙarin jini, aka faɗi watannin. Sun yi daidai da lissafina: da shi ta zo daga gida. Sannan direkta. Shekara da shekaru ina kai yara ƙofar lakol ɗin, ranar na fara shiga buronsa, ɗakin da yake aiki. Na ce masa ina da tambaya a kan wata yarinya, ban faɗi suna ba tukuna, in ta samu ciki gaban tuta ake korarta ko a ɓoye? Ya ajiye abin rubutunsa ya ce, Inna, ba dokar da ta ce in kore ta yanzu. Ta zo aji har ranar da ta kasa, ta haihu, ta dawo. Ya ce abin da ke damunsa shi ne ba mai zuwa ya tambaya, sai dai ya ga benci ba kowa, bayan wani lokaci ya soke suna. Ya ce in zan iya da bakin mutane, shi zai iya da aji. Sannan na faɗa masa sunan.

Na uku shi ne uba, kuma nan aka riga ni. Wata mata ta gan mu a likita. Kafin saƙona ya isa, labari ya bi 'yan kasuwa ya shiga ƙauyuka, ya kuma isa da kayan da ba nasa ba: an ce yaro ne mai moto yake ɗaukarta a ƙofar lakol, an ce waya ya saya mata, an ce ni ina barci da wuri. Ba moto, ba waya. Daga cikin akwatin nan aka ciro su aka liƙa mata.

Ranar da aka zo kwashe yaran, Malam Lawali ya riga kowa isowa, da hantsi, da dorina a cikin hannun rigarsa, na ga bakinta. Na zaunar da shi a zaure, na ba shi ruwa, na bari ya sha. Sannan na faɗa masa watannin da sajfam ta faɗa. Ya shiga lissafi da yatsunsa yana komawa baya, ya wuce kaka, ya kai lokacin da hatsi ke fid da kai. Lokacin tana gidansa, tana kai masa fura gona. Ya zaro dorinar ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Nan sauran suka iske shi da suka iso bayan azahar.

Alhaji Mamman ne ya yi jawabin. Ya ce su mutanen ƙauye ba wawaye ba ne, sun san abin da ake yi a kolej, suna gani da idonsu kowane sati a shagonsa.

Zali ta ce, "Ashe kai ma kana kallo, Alhaji? Na ɗauka namu ne mu mata."

"Don wa'azin ƙarshe nake kallo."

"To ai sai ka riƙa zuwa a ƙarshen."

Bai kula ta ba. Ya juyo gare ni ya ce maganar iyaye ɗaya ce: ko yarinyar nan ta bar gidan yau, ko amalanken da ke waje ya tafi da duk 'yan yankinsu. Ya ce a gidana abin ya faru, a ƙarƙashin idona, ko kuwa ba haka ba ne?

Nan aikin yake, Habsu, ba a tabarma da tukunya ba. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni. In ce da shi ta zo, a je a tambayi sajfam. Da na faɗa, da sunan gidana ya tsira. Amma da kafin magariba duk ƙauyen sun zauna suna lissafin wane ne, da mutumin da ke lungu ya rasa fuskar shiga masallacin garinsu, uban da aka kunyata a gaban maza kuwa ba ya barin ɗiyarsa a aji, ɗauke ta yake yi ya rufe. Na kalli Malam Lawali. Idonsa yana ƙasa. Maganar tasa ce, in ya so ya faɗa. Bai faɗa ba.

Na ce, "Alhaji, a hannuna take, a hannuna aka gani. Ban musa ba."

"To ki sallame ta."

"Ran da ka kawo mini ɗiyanka, cewa ka yi in riƙe su in suna lafiya, in abu ya same su in tura su titi?"

"Wanga ba ciwo ba ne, Inna. Abin kunya ne."

"Na sani. In na kori wagga yau, naka suna kallo. Gobe in wani abu ya sami ɗaya, ba ni za ta faɗa wa ba, ba kuma kai ba. Ba na korar ɗiyar mutane. Tana nan, kuma lakol za ta."

Ya ce ai direkta zai kore ta. Na ce na riga na je, ba zai kora ba. Wannan ya fi komai ba shi haushi, ya ce to duniya ta lalace ke nan.

Nan Jaɓɓo ya sa baki. Ya ce shi ba shi da tele, shanunsa kawai yake kallo, don haka bai san abin da ake yi a kolej ba. Ya tambaye ni ko Hassatu tana cin tuwo. Na ce tana ci. Tana zuwa lakol? Tana zuwa. Tana salla? Tana yi. Ya miƙe ya saɓa sandarsa ya ce to shi bai ga abin da ya raba shi da garke yau ba, a gai da yara.

Alhaji ya cika alkawarinsa. Kafin la'asar an ɗaure tabarmi da akwatuna a amalanke, yaran suna kuka, na hana su tsayawa sallama mai tsawo, na duba kowace ta ɗauki kayenta. Gidan da sai an yi layi a bakin randa ya koma mu uku: ni da Hassatu da Balkisa. Wannan ce mugunyar shekarata. Rumbu bai kai damina ba, na koma suyar ƙosai a bakin tasha da tsufana. A kasuwa mata suna yin shiru in na iso. Sai da aka ɗauki shekaru kafin wani uba daga wancan yanki ya sake ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma cikin yaran da aka kwashe akwai waɗanda ba su ƙara ganin aji ba. Ban ɓoye muku wannan ba, ku sa shi a ma'auni kafin ku karɓi ɗiyar kowa.

Malam Lawali ya zauna har ƙurar amalanken ta kwanta. Zali ta tafi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, kin ɗauki kayan da ba naki ba."

"Ba shi na tambaye ka ba, Malam. Tafiya za ka yi da ita ko bari?"

Ya tambaya ko da gaske za a bar ta ta rubuta jarrabawar. Na ce haka direkta ya ce da bakinsa. Ya ce uwarta za ta zo in haihuwa ta matso. Ya ce ba zai iya ganinta yau ba, in ce mata bai yafe ba tukuna, amma bai kore ta ba. Ya tashi ya kama hanya. Dorinar ta kwana ƙarƙashin tabarma, ya manta da ita ko ya bar ta, ban sani ba.

Washegari da sassafe na farke ɗinkin gefen rigar lakol ɗinta, na ƙara ƙyalle na sake ɗinkewa don ta sake mata. Na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi. Balkisa ta ce mu bi ta lungun bayan masallaci, ba mutane. Na ce ta babbar hanya za mu bi. Muka wuce masu shayi, muka wuce 'yan moto a bakin tasha, Hassatu a dama, ni a hagu, ina gai da kowa da sunansa har sai ya amsa. A ƙofar lakol yara sun taru, hira ta mutu. Ƙafarta ta tsaya.

"Inna, kowa yana kallona."

"Su kalla. Sun saba ganin wadda aka fitar, yau su ga wadda ta shiga. Wuce."

Ta wuce. Na tsaya har na ga bayanta ya shige aji. Sannan na share wani dutse a gindin bishiyar bedi da ke fuskantar ƙofar, na zauna a kai inda duk mai wucewa zai gan ni, ban tashi ba sai da aka buga ƙarfen tashi.